Wa Ya Taɓa Ganin Takardar Zaman Kansilolinsa?

Tun ranar 11 ga Yulin 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya kai jihohi 36, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, magana guda ake ta nanatawa a rediyo da Facebook da majalisun hira: a sakar wa ƙananan hukumomi kuɗinsu. Ƙungiyar ciyamomi ta ALGON na cewa a saki, ƙungiyar ma'aikata ta NULGE na cewa a saki, masu kiran waya a shirye-shiryen siyasa na dare kuwa har muryarsu ta dushe. To, a saki. Kotu ta yi magana, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ya daɗe da zama aljihun gwamna, kuma babu mai hankalin da zai tsaya kare naɗin kantomomi. Abin da ya ishe ni shi ne yadda aka tattara batun 'yancin ƙaramar hukuma kacokan aka mayar da shi batun lambar asusu. Wai da zarar kuɗi sun taso daga Abuja sun faɗa hannun ciyaman ba tare da sun yada zango a gidan gwamnati ba, shi ke nan talaka ya warke.

Ina da tambaya guda ga masu wannan ra'ayi. A cikinku wa ya taɓa riƙe takardar zaman majalisar kansilolin ƙaramar hukumarsa a hannu? Wa ya san ranar da suke zama? Wa ya san nawa aka ware wa mazaɓarsa a kasafin bana, kuma wane kansila ne ya ɗaga hannu ya amince? Ƙananan hukumomi 774 ne ke raba kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya. Kuɗi ne masu kauri, kuma sun ƙara kauri tun da aka cire tallafin man fetur. Muna ta faɗan wace ƙofa za su bi su shiga, babu mai tambayar wace takarda za ta nuna inda suka bi suka fita.

A rubuce dai tsarin ba shi da aibu. Ciyaman da mataimakinsa da sufabaizoji su ne masu zartarwa. Kansiloli, ɗaya daga kowace mazaɓa, su ne majalisa, da shugabansu da akawunsu. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke yin dokar da ke ƙayyade kuɗin rumfa a kasuwa da na tasha da na mayanka, su ya kamata su kira ma'aji su tambaye shi inda aka kwana. Duk zaman da suka yi, aikin akawu ne ya rubuta waɗanda suka halarta, abin da aka gabatar, wanda ya goyi baya, da abin da aka tsayar. A kan wannan zaman ake biyan su. Amma tambayi kansilanka a wurin ɗaurin aure yaushe suka zauna na ƙarshe, ka ga yadda zai karkata hula ya ce maka "ai ana kan yi, Alhaji."

Ba don komai takardar nan ta dame ni ba sai don ita kaɗai ta rage. A da akan samu ɗan adawa ɗaya ko biyu a zaure, wanda ko don haushi zai fito ya fasa ƙwai. Yanzu duba zaɓukan Oktoban 2024. A Kano jam'iyyar NNPP ta kwashe kujerun ciyaman 44 da na kansila 484, ko guda ba ta bari ba. Mako guda kafin nan a Kaduna APC ta kwashe ciyamomi 23 da kansiloli 255, ita ma ko guda ba ta bari ba. Jam'iyyu biyu masu gaba da juna, hali guda. Zauren da kowa a cikinsa mutum ɗaya ne ya ba shi tikiti, babu wanda zai miƙe ya ce kwangilar kwalbatin nan an ninka kuɗinta. Idan babu mai faɗa daga ciki, sai a buɗe wa na waje ya karanta da idonsa. In ba haka ba, kuɓutar da kuɗin daga hannun gwamna zuwa hannun ciyaman da babu mai duba littafinsa, gudun gara ne aka faɗa gidan zago.

Abin kunyar ma bai tsaya nan ba. Je ka Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, za a ɗauko maka fayil-fayil na zamanin En'e: lissafin haraji da jangali gunduma bayan gunduma, kasafin baitulmali, rahotannin zaman majalisun sarakuna, wasiƙun da suka gudana tsakanin hakimi da Di'o da Razdan. Ɗalibanmu na tarihi da su suke rubuta kundin digirinsu har gobe. Ba na yi wa En'e ado. Ba don son talaka aka adana waɗancan takardu ba, an adana su ne don na sama ya ƙure na ƙasa, kuma 'yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a hannun tsarin nan. Amma dai an rubuta, an ɗaure, an ajiye. Yau mai bincike ya fi sauƙin sanin abin da baitulmalin Kano ya kashe a shekarun 1950 a kan abin da ƙaramar hukumarsa ta kashe bara. Mulkin da muke kira na zalunci ya bar mana shaida a kansa, wanda muke kira na jama'a kuwa yana share sawunsa yana tafe.

To, ina ya kamata takardun nan su zauna? Wurin yana nan, mu ne muka kulle shi. Tun kafin samun 'yancin kai hukumomin En'e suna da ɗakunan karatu a manyan garuruwa, inda mutum zai shiga ya karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo da sanarwar hukuma, kuma a shekarun 1950 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna yana tallafa musu. Da aka zo gyaran ƙananan hukumomi na 1976, an lissafa laburare da ɗakin karatu a cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a kansu. Kundin tsarin mulki na 1999 kuwa, a jadawalinsa na huɗu, ya tuna da maƙabarta da mayanka da lasisin keke da sanya wa tituna suna, bai ambaci laburare ba. Tun daga nan ya zama maraya. Ciyaman ya ce na hukumar ɗakunan karatu ta jiha ne, hukumar ta ce ginin na ƙaramar hukuma ne.

Na san wani irin wannan ɗaki a wata ƙaramar hukuma da ba sai na kama suna ba. Yana bayan sakatariya, allon sunansa na nan, rana ta cinye fentin. Ƙofar gaba da ƙwado, sai ka zaga ta baya. A ciki rabin ɗakin kujerun roba ne da aka jibge na taron siyasa, da buhunan taki da suka jira rabo har suka daskare. A ɗaya rabin akwai kanta uku: tsofaffin littattafan firamare da aka daina koyarwa da su, da wasu manyan kundaye na Turanci da wata ƙungiya ta kawo sadaka, waɗanda gara ce kaɗai ta taɓa buɗe su. Ma'aikacin wurin, dattijo mai kirki da ya karanci aikin a makaranta, yana zaune a gindin darbejiya da rajistar masu zuwa a cinyarsa. Na tambaye shi ko akwai kwafin kasafin ƙaramar hukumar. Ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da nake nan ko jarida ba a saya mini." Tsakaninsa da zauren kansiloli bai fi taku hamsin ba.

Su kuma hukumomin ɗakunan karatu na jihohi, nasu laifin ya fi ba ni haushi, domin su ne aka ɗora wa amanar. Kowa ya san yadda ake cike kujerunsu. Bayan an gama rabon kwamishinoni da masu ba da shawara da hukumomin da ke da maiƙo, sai a waiwayo ga waɗanda suka yi wahalar kamfe ba su samu komai ba, a ce to ga hukumar laburare. Mutum ya karɓa yana ƙunƙuni. Sai ka nemi jin yaushe suka zauna, me suka tattauna, littafi nawa suka saya, reshe nawa suka ziyarta, ka rasa. Hukumar da aikinta shi ne ta adana takardun jama'a ta buɗe musu, ita kanta takardun zamanta a ɓoye suke. Ranar da za ka ji ɗuriyarta ita ce ranar yanke ƙyalle: an sayo kwamfutoci, an kira abin laburaren zamani, an ɗauki hoto, manya sun watse. Bayan wata shida ba wuta, ba kuɗin data, an lulluɓe na'urorin da leda. Kwamfuta tana da kwangila a bayanta, shi ya sa ake son ta. Ɗaure takardun zaman majalisa a jera a kanta ba ya kawo wa kowa kaso. Kuma da wa za su yi koyi? Hedikwatar laburaren ƙasa da ke Abuja tun 2006 aka ba da aikinta, gwamnatoci suka yi ta wucewa suna barin ta kango.

Na san amsar da za a ba ni: Bahaushe ba ya karatu. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa ganin yadda mata ke cinye littafin Hausa mai shafi ɗari uku a waya cikin dare biyu ba. Ban da haka ma, ba kowa ake bukata ya karanta ba. Malamin makaranta guda ya isa, ko ɗan jarida guda, ko matashi guda mai taurin kai. Ya ɗauki hoton shafin da ya ce an gyara asibitin ƙauyensu a kan miliyan kaza, ya tura wa gidan rediyo, kafin la'asar duk mai shayi a jihar ya ji, kuma mutanen ƙauyen sun san ko an gyara ko ba a gyara ba. Wannan shafi guda shi ake tsoro, shi ya sa ake fakewa da cewa ba ma karatu.

Wasu za su ce a zuba komai a intanet. A zuba mana, in ƙaramar hukumar tana da shafin da ya wuce hoton ciyaman da saƙon barka da sallah. Sai dai abin da aka ɗora da safe ana iya sauke shi da dare, takardar da aka buga wa hatimi aka shigar a rajista kuwa ɓatar da ita sai an haɗa baki da mutane. Lauyoyi kuma za su tuna mini da Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2025 cewa ta hau kan jihohi ma. Madalla. Yanzu manomin da ke son sanin kuɗin rijiyar unguwarsu sai ya rubuta wasiƙa da Turanci, ya jira a yi banza da shi, ya ɗauki lauya ya tafi babbar kotu? Dokar da kanta ta wajabta wa hukumomi su riƙa fitar da irin waɗannan bayanai tun ba a tambaye su ba. Wannan sashen ne kowa ya yi kamar bai gani ba.

Abin da nake nema ba ya bukatar kwamitin shugaban ƙasa. Sashe na 7 na tsarin mulki ya ba majalisar dokokin jiha ikon tsara yadda ƙananan hukumomi za su gudana. Ta ƙara layi biyu a dokarta: duk zaman da kansiloli suka yi, a kai kwafin bayaninsa ɗakin karatu na ƙaramar hukumar cikin mako biyu, haka kasafin kuɗi, haka rahoton babban mai binciken kuɗin ƙananan hukumomi. A liƙa ranar zama a ƙofar ɗakin tun kafin ranar. In takarda ba ta iso ba, alawus bai fita ba. A kuma rubuta da Hausa. Abin dariya ne mutane su yi muhawararsu da Hausa daga bismilla har fatiha, sannan akawu ya koma ofis ya juya ta zuwa Turancin da rabin waɗanda suka yi maganar ba za su gane ba. Hukumar ɗakunan karatu ita za ta karɓa ta adana, ta fara da nata takardun.

Za a ce ɗakunan sun lalace. Kuɗin mota guda daga cikin waɗanda ake raba wa ciyamomi bayan rantsuwa ya isa ya gyara rufi da ƙofa da kanta a ƙananan hukumomi da dama.

Ba na yaudarar kaina cewa za a yi. Gwamna da ciyaman suna iya kai ruwa rana a kan wanda zai riƙe asusu, amma a kan kada talaka ya ga littafin, bakinsu ɗaya. 'Yan majalisar jiha da za su gyara dokar, da yawansu tsofaffin ciyamomi ne ko masu harin ɗora yaransu a kujerar. Shi ya sa raina ya fi ɓaci da ƙungiyoyin farar hula da masu sharhi irina, da muka ari yaƙin ciyamomi muka yafa kamar namu, muna rera musu waƙar a saki kuɗi kyauta. Duk ciyaman da ya zo neman mu taya shi matsa wa gwamna, a fara tambayarsa kasafin bara da takardun zaman kansilolinsa na wata ukun da suka wuce. In ya kawo, a taya shi. In ya ce sai ya nemi izini daga sama, to har yanzu kantoma ne, ko da ƙuri'a aka ce ta kawo shi.