Yadda layi biyu suka kulle ni waje

Kwamfutata ta hannu ce, irin waɗanda ake kawowa Yamai daga Faransa, saboda haka klabiyenta AZERTY ne, wato jerin maɓallai irin na Faransa. NixOS ke kanta, wani nau'in Linux, da GNOME, manhajar da ke kula da fuskar allo da tagogi. Na gaji da danne-dannen linzami duk lokacin da na sake girka tsarin, shi ya sa na koma Home Manager, manhajar da ke jera saitunan mai kwamfuta. Dabarar ita ce fayil guda, ~/.config/home-manager/home.nix: ka rubuta yadda kake son komai ya zauna, ka buga home-manager switch, shi ya jera maka.

Bugun farko ya ƙi, wai tsohon .bashrc ɗina, fayil ɗin saitunan taminal, ya tare masa hanya. Na ƙara -b backup, ya sake wa tsohon suna .bashrc.backup ya ɗora nasa. Daga nan kai ya fara kumbura.

GNOME a cikin wata ma'ajiya mai suna dconf yake ajiye saitunansa. In kana son sunan wani saiti, ka bar dconf watch / yana gudu a taminal, ka canza abin da linzami, sunan da ƙimarsa za su fito. Bukatuna biyu ne. Ina son ƙ, ɗ, ɓ ba tare da kwafo su daga wani wuri ba, kuma ina son allo ya daina kulle kansa da na juya baya. A ƙarƙashin org/gnome/desktop/input-sources na rubuta sources, wato jerin tsarukan klabiye, da mkTuple guda mai haɗa "xkb" da "ng+hausa", tsarin klabiyen Hausa. A org/gnome/desktop/session na sa idle-delay = 3600, wato daƙiƙun da allo zai jira kafin ya kulle, awa ɗaya ke nan. Na buga switch, ya wuce babu ko tari. Na fita ƙofar gida wajen ƴan fada shan shayi.

Kofin farko kawai na sha na dawo, na tarar allo a kulle. To, ina awa ɗayan? Ashe idle-delay lamba ce irin uint32, ni kuwa na rubuta ta tsirara, ta shiga a matsayin int32, wani irin lamba daban. GNOME bai yi gardama ba, ya dai kau da kai ya koma kan daƙiƙa 300 da ya saba. Sai an rubuta lib.hm.gvariant.mkUint32 3600 yake ji.

Na ce ba komai, na buga kalmar sirri. Ta ƙi. Na sake, a hankali, da yatsa ɗaya kamar mai koyo. Ta ƙi. Kalmar da na shekara uku ina bugawa ko cikin duhu!

Jerin sources ba ƙari yake yi ba, maye gurbi yake yi. Da na rubuta ng+hausa shi kaɗai, na kori fr, tsarin klabiyen Faransa, ke nan, shi kuma tsarin Hausan nan a kan QWERTY, jerin maɓallai irin na Ingilishi, aka gina shi. Inda nake taɓa a, ba a ke fita ba. Inda m take a klabiyena, wani abu ne daban. Lambobi kuwa a AZERTY sai da Shift, a can kuma Shift alamomi yake fitarwa. Kalmata tana da a, tana da m, tana da lambobi huɗu, duk kuma ɗigo-ɗigo nake gani.

Ɗan yayata, ɗan aji shida, yana tsaye a bayana da farantin kofuna. "Kawu, ka kashe ta ka kunna mana." Na yi masa bayani mai tsawo cewa wannan ba wayar uwarsa ba ce. Na danna Ctrl+Alt+F3, na faɗa allon rubutu zalla, inda klabiye ke bin saitin console.keyMap, wanda yake fr tun ranar girki. Na shiga, loginctl list-sessions ya ba ni lambar zaman, loginctl unlock-session da lambar ya buɗe allon. Na dube shi ta gefen ido.

Sai da dare na gane cewa shawarar yaron za ta yi aiki, domin GDM, allon shiga da ke fitowa in an kunna kwamfuta, tsarin klabiyen na'ura gaba ɗaya yake bi, allon kulle ne kaɗai ke bin nawa. Ban faɗa masa ba.

Ga inda na yi wautar da ta fi. Da allo ya buɗe, cikin zafin nama na shiga saituna da linzami na mayar da fr, ban taɓa home.nix ba. Washegari na ƙara vlc, manhajar kallon bidiyo, a home.packages, na buga switch, na fita shayi. Home Manager a kowane switch yana sake loda duk abin da ka rubuta a dconf.settings, gyaran linzami kuwa ba ya cikin littafinsa. Ya share fr, minti biyar suka cika, allo ya kulle. Wannan karon har da mutum biyu daga fada da na jawo su zo su ga "kwamfutar da ke tsara kanta".

Yanzu sources tana da biyu, fr a gaba, ng+hausa a baya, Super+Space ke juya su, idle-delay kuma ta sami mkUint32 ɗinta. Amma a ranar kulle na biyun, ina ta laluben F3, yaron bai ce uffan ba. Ya ajiye farantin, ya miƙo yatsa a hankali ya nuna mini maɓallin kashewa.