Gwajin aikin hanta ba shi ne gwajin ƙwayar cutar hanta ba

Sau da yawa a nan Zariya mutum yakan dawo daga asibitin Shika ko wani ɗakin gwaji a Tudun Wada riƙe da takardar sakamako, yana murna cewa an duba hantarsa lafiya lau, saboda haka ba ya ɗauke da ciwon hanta. Wannan fahimta tana damuna, domin gwaje-gwajen nan biyu ne daban.

Gwajin aikin hanta yana auna sinadarai irin su ALT da AST, waɗanda ke kwarara cikin jini idan ƙwayoyin hanta sun ji rauni, da bilirubin, wanda yawansa ke sa idanu su yi ɗorawa a ce shawara ce, da kuma albumin da hanta ke samarwa. Ba ya neman ƙwayar cutar kanta. Mutum na iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B shekaru da dama alhali waɗannan lambobi suna daidai, kuma yana iya yaɗa shi ga matarsa, ko uwa ga jaririnta lokacin haihuwa. Gwajin HBsAg ne ke gano shi, kuma idan ya ci gaba da nunawa fiye da wata 6, cutar ta zauna a jiki.

Haka kuma hauhawar lambobin ba lallai ƙwayar cuta ba ce. Kitse a hanta, ko yawan shan farasitamol, ko wasu jiƙe-jiƙen gargajiya na iya jawo ta, shi ya sa ya kamata a faɗa wa likita duk abin da ake sha kafin ya fassara takardar.