Ku bar yaron nan ya yi kiɗansa kusa da kakansa

Tun jiya raina a ɓace yake kan bidiyon tsohon nan da jikansa. Kun dai gani. Tsoho riƙe da garaya, 'yarsa na yi masa amshi, yaro ya maƙale kalangu a hammata yana bin su. Sai ga wasu wai an cuci yaro, wai roƙo ake koya masa. Wa kuka ga ya roƙa? Ku sake kallon fuskar yaron daidai inda ya kuskure kiɗan, kakan ya ɗaga masa gira kawai, shi kuma ya gyara yana dariya. Wanda aka tilasta wa abu ba haka fuskarsa take ba.

Kiɗa a gida ta kunne yake shiga. Yaro yana rarrafe yana jin ana ɗaure tsirkiya, yana barci ana gwada waƙa a kansa. Kafin ya iya magana sosai ya riga ya san inda amshi ke faɗawa.

Musa Ɗanƙwairo a gidan kiɗa ya buɗe ido, ya daɗe yana amshi a bayan yayansa Kurna kafin duniya ta san muryarsa. A Jamus, zuri'ar Bach ta fitar da makaɗa sama da 50 cikin kusan shekara 200. Shi kansa Johann Sebastian Bach, wanda ya fi shahara a cikinsu, da mahaifiyarsa ta rasu a 1694, mahaifinsa kuma a 1695, yayansa ne ya ɗauke shi ya ci gaba da koya masa, daga baya 'ya'yansa huɗu suka yi suna a wannan fage. Da Fela Kuti ya rasu a 1997, ɗansa Seun yana ɗan shekara 14 ya tsaya gaban ƙungiyar ubansa, ga yayansa Femi, ga jikan Fela, Made.

Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne Vieux Farka Touré na Mali. Ubansa Ali, duk da shahararsa, soja ya so ɗan ya zama, don ya san wahalar sana'ar. Yaro ya riƙa ɗaukar jita a ɓoye. Ƙarshe uban ya sa albarka, har ya kaɗa a faifan ɗan na farko yana fama da ciwon ajali, kafin ya rasu a 2006. To wa ya tilasta wa wannan? Hana shi ma aka yi, amma abin ya riga ya shiga ta kunne.

Masu cewa makaranta fa, wa ya ce muku yaron ba ya zuwa? Ɗan likita ya bi ubansa asibiti kun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Don me ɗan makaɗi zai zama abin tausayi?

Ni na tashi a irin wannan gida, shi ya sa abin ya yi min zafi. Kakana ba ya yawan magana, amma in ya ɗauki garaya, mahaifiyata ta karɓa masa, ranar ko faɗa aka yi a gidan, faɗan ya mutu. Har yau in ina wanke-wanke waƙarsa ke zuwa bakina, kwanan baya na ji 'yata tana rera ta, alhali ba ta taɓa ganinsa ba.

Kaset ɗaya tal muke da shi mai muryarsa, shi ma rediyo ta tauna gefe guda. Don Allah in akwai wanda ya san yadda ake kwashe sauti daga tsohon kaset zuwa waya ba tare da zaren ya tsinke ba, ya yi min magana.