Boeing 777-300ER: ribar injina biyu, wa ya ci ta?

Duk wanda ya taɓa tashi daga Legas zuwa Dubai a jirgin Emirates, da wuya a ce ba Boeing 777-300ER ne ya ɗauke shi ba. Air France ne ya fara karɓarsa a watan Afrilun 2004, kuma daga nan kamfanoni suka yi ta rububinsa, har aka ƙera fiye da 800. Emirates kaɗai ya mallaki sama da 100.

Sirrinsa na cikin injinansa. Kafin zuwansa, in za a kwashi mutum ɗari uku da wani abu a yi tafiya mai nisan gaske, galibi sai jirgi mai injina huɗu, irin Boeing 747. Shi kuwa da injina biyu kacal, GE90-115B na kamfanin General Electric, yake cin sama da kilomita 13,000 bai sauka shan mai ba. An ƙara masa tsawon fiffike, an ƙarfafa ƙafafunsa don ya iya ɗaukar nauyin ƙarin mai. Shan mai ya ragu, kuɗin gyara ma haka. Abokin hamayyarsa mai injina huɗu, Airbus A340, bai iya jurewa ba. A 2011 aka daina ƙera shi.

Na yarda gwaninta ce, amma ga inda nake da ja. Da farko kujeru tara ake jerawa a kowane layi a ɓangaren masu ƙaramin tikiti. Yau yawancin kamfanoni sun mayar da su goma, uku-huɗu-uku, a cikin faɗin da bai ƙaru ba. Ka duba dattijuwar da za ta yi awa goma sha huɗu a zaune, kafaɗa na gugar kafaɗa, hanyar zuwa bayi ta matse. Za su ce ai tikiti ya yi sauƙi, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ribar man da injinan nan suka kawo ta isa a bar wa mutum wurin miƙe ƙafa.

Hukumomin sufurin sama suna tabbatar da cewa za a iya fitar da kowa cikin daƙiƙa 90 idan an shiga haɗari. Ya kamata su sa ƙa'ida kan faɗin kujera ma, musamman yanzu da magajinsa, 777X, ke tafe da ɗan ƙarin faɗi a ciki amma da lissafin kujeru goman nan dai.