Gidan abinci mai adon tarihin zinariya: ina leburorin suke?

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya buɗe gidan abinci ya ƙawata shi da tarihin haƙar zinariya ya ɗora wa kansa nauyin da ya wuce na dafa abinci mai daɗi, domin da tarihin wasu bayin Allah yake jawo masu saye. Abin da ya ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne abincin daren da na ci a irin wannan wuri a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu.

Masu wurin sun yi ƙoƙari wajen ado. An rataye diga da shebur da tsofaffin fitilu a bango, an ajiye keken ƙarfe na ɗauko dutse daga rami a bakin ƙofa, masu kawo abinci kuma suna sanye da hular kwano irin ta mahaƙa. Naman ya gasu sosai, an haɗo shi da tuwon masararsu da suke kira pap da miyar kayan lambu mai yaji da ake kira chakalaka. Ba ni da ƙorafi a kan girkin. Hotunan bangon ne suka dame ni, domin kusan dukkansu na Turawa ne masu jari da injiniyoyi, kowanne da sunansa a ƙasa, su kuwa baƙaƙen fatan da suka shiga ramin sai dai a hango su a baya, tsirara daga ƙugu zuwa sama, babu suna babu asali.

Johannesburg dai zinariya ce ta haife ta. A 1886 aka gano ta a gonar Langlaagte, cikin 'yan shekaru daji ya zama birni, har 'yan ƙabilar Zulu suka raɗa masa suna Egoli, wato wurin zinariya. Amma zinariyar yankin Witwatersrand, inda birnin yake, a warwatse take cikin dutse mai tauri, a can ƙarƙashin ƙasa, ta yadda sai an farfasa tan guda kafin a sami 'yan giram kaɗan, kuma a yau mahaƙar Mponeng ta kai zurfin kusan kilomita 4. Irin wannan haƙa ba ta kawo riba sai da ƙwadago mai arha. Shi ya sa aka riƙa kwaso maza daga Mozambik da Lesoto da Malawi da ƙauyukan ƙasar, ana zuba su a bariki ba tare da iyalansu ba. Dokar filaye ta 1913 ta taƙaita baƙaƙen fata ga kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar kakanninsu, abin da ya ƙara tura su neman aikin rami. Da dubun dubatansu suka shiga yajin aiki a watan Agustan 1946 suna neman sule goma a rana, da bindiga da kulki 'yan sanda suka amsa musu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar huhu. Ƙurar dutse tana taruwa a ƙirjin mahaƙi a hankali har numfashi ya gagare shi, sau da yawa tarin fuka ya biyo baya, sai a sallame shi ya koma ƙauye ya mutu a hannun matarsa. Sai a 2018 manyan kamfanonin zinariya suka amince da biyan diyya ta rand (kuɗin ƙasar) biliyan 5, kotu ta tabbatar da yarjejeniyar a 2019, alhali da yawa daga cikin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Na san za a ce mutum ba ya zuwa cin abinci don a sa shi kuka, kuma ga gidan tarihin wariyar launin fata nan a birnin, wanda aka buɗe a 2001, ga mai son sani. Na yarda da rabin maganar. Ba na neman a mayar da teburin abinci zaman makoki. Amma wanda ya sa wa ma'aikacinsa hular mahaƙi don ƙayatar da baƙi ya riga ya fara ba da labari, kuma tsallake masu hular na asali zaɓi ne da ya yi da gangan. Mu da kakanninmu suka tafi haƙar kuza a Jos, wasunsu bisa tilas a lokacin yaƙin duniya na biyu, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a gare mu ba.

Abin da nake so kaɗan ne. A rubuta a bayan takardar jerin abinci daga ina leburorin suka fito da nawa ake biyan su, a nemi hotunan da aka san sunayen masu su daga hannun jikokinsu a kafa su daidai da na masu jari, sannan a ware wani abu daga ciniki ga iyalan tsofaffin mahaƙan da har yanzu suke yawo da takardun asibiti suna bin diyyarsu.