Jus a baki daban, jus a kwali daban

Kalmar nan da muke cewa "jus", su kansu Turawan Ingila aro suka yi. Daga Faransanci ta shigo musu wajen shekara ta 1300, Faransawa kuma sun gaje ta daga Latin, inda ma'anarta romo ne ko miya. Har gobe a gidajen abincin Birtaniya, in ka ga "jus" a takardar jerin abinci, romon gasasshen nama za a zuba maka, kada ka sa ran lemo.

Da tafiya ta yi tafiya sai ta koma kan ruwan da aka matse daga 'ya'yan itace, daga nan kuma bakin titi ya ja ta ko'ina. Cajin waya jus ne, man mota jus ne, barasa ma haka, har allurar ƙara ƙarfi da wasu 'yan wasa ke yi a ɓoye. A nan Scotland da nake zaune abin ya fi ba ni dariya: yaro zai nuna kwalbar Irn-Bru ko Coke ya ce jus yake so. Sak yadda muke yi da "lemo" a Kano, inda za a ce a kawo wa baƙo lemo, a dire masa Maltina.

Amma wannan sakin bakin a hira ya tsaya. A jikin kwali doka ce ke magana. A nan Birtaniya, dokar 2013 ta hana a rubuta wa abin sha sunan jus ɗin 'ya'yan itace matuƙar an ƙara masa sukari. Wanda aka tsinka da ruwa aka zuba wa zaƙi dole a sauya masa suna. Shi ya sa harajin da aka ɗora wa lemon kwalba mai sukari a 2018 bai taɓa zallan jus ba. Duk da haka hukumar lafiya ta NHS cewa take kada a wuce mililita 150 a rana, domin zaƙin 'ya'yan itace ma sukari ne.

A gida fa? Duk kwalin da aka zana wa hoton abarba jus ne a wurinmu, har mu kai wa maras lafiya a asibiti da sunan zai ƙara masa jini. Wannan ne ke damuna, musamman yadda ciwon sukari ke yawaita. Mai zobo da mai kunun aya sun fi fita haƙƙinmu: sunan abin da suka dafa ko suka markaɗa suke faɗa, kuma kana iya cewa, "Hajiya, a ba ni wanda ba a sa wa sukari ba."