Masallacin Ƙudus ba na kwana uku ba ne

Jiya bayan la'asar wani malamin Islamiyya a unguwarmu ya tambayi ɗalibansa, manyan yara fa, wasu sun kusa sauka: ina Musulmi suka fara fuskanta da salla kafin Ka'aba? Aji ya yi tsit. Can wani ya ɗaga hannu ya ce Madina, alhali amsar ita ce Masallacin Ƙudus, wato Aƙsa. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Yaran ba su da laifi, abin da ba su ji a gida ba ne. 'Yan'uwa, mu ji tsoron Allah. Ranar da aka nuna 'yan sandan Isra'ila sun kutsa cikin Aƙsa da takalmansu, ana harba wa masallata hayaƙi mai sa hawaye a tsakiyar azumi, sai Facebook ya cika. Kowa ya ɗora hoton ƙubbar nan mai ruwan zinare, a rubuta Hasbunallahu. Kwana uku a tsakani, ƙwallo ta zo ko rigimar 'yan fim, shi ke nan an wuce wurin. Masallacin da aka yi Isra'i da Manzon Allah (SAW) zuwa cikinsa ya limanci annabawa, alƙiblar da ya fuskanta har wata 16 ko 17 bayan hijira, shi muka mayar abin yayi?

Ku dubi Nuruddin Zanki, sarkin Musulmi a ƙasar Sham. A lokacinsa Ƙudus tana hannun mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai, tun 1099, amma ya tara masassaƙa a birnin Halab na Sham suka sassaƙa mumbari na musamman domin Aƙsa, alhali ko ƙofar birnin bai da ikon takawa. Ya rasu a 1174 bai ga ranar ba. Mumbarin ya zauna yana jira har Sarki Salahuddin Ayyubi ya buɗe birnin a 1187 ya sa aka kawo shi. Kusan shekara 800 limamai na hawansa, sai ranar 21 ga Agusta 1969 wani mutumin Ostareliya ya cinna wa masallacin wuta, mumbarin ya ƙone. Nuruddin, bawan Allah, ya yi tanadi domin ranar da bai san zai gani ba, mu kuwa sati ɗaya ya fi ƙarfin zukatanmu.

A Yulin 2017 da aka kafa na'urorin bincike a ƙofofin masallacin, mutanen Ƙudus suka ƙi bi ta ciki. Suka shimfiɗa dardumansu a kan kwalta, tsofaffi da mata, cikin zafin rana, kusan sati biyu har aka cire. Kuma kusa da ƙofar da ake kira Babul Majlis, har yau akwai jikokin alhazan da suka fito daga Najeriya, Chadi, Sudan da Sanagal, suka zauna suna hidimar masallacin da gadinsa. Namu ne fa. Su da ƙafa suka je, mu ko labarin mun kasa ba 'ya'yanmu.

Don Allah ɗan'uwa, yau da dare ka ajiye wayar nan. Ka kira yaranka ka karanta musu farkon Suratul Isra'i, ka gaya musu yadda Sayyidina Umar ya karɓi birnin da yarjejeniyar aminci. 'Yar'uwa, ke ma haka. Ku sa Aƙsa a sujadarku ko ba a nuna jini a waya ba. Kada ku jira sai an sake kutsawa. Don Allah kada ku jira.